Kantu na Maraɗi da Takobin Farko

Tsakanin Sabon Birni da Maraɗi tafiya ce ta kusa, jama'ar kuma dangin juna ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa suka watsu, wasunsu suka kafa Tibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma aka zo aka kafa Sabon Birni. Ke nan labarin ɗan kokawar Maraɗi Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, labarin gida ne ga mutanen Sabon Birni.

Da can kokawa wasan kaka ce. Idan an kai gero rumbu, samarin gari su je wani gari, a yi da'ira a dandali, makaɗa su saki kiɗa. Ɗan kokawa ya fito da walki, damtse cike da layu, ya yi kirari, ya durƙusa ya shafa ƙasa a tafin hannu don kada kamu ya suɓuce masa. Wanda ya yi kaye ya sami kyauta da suna, amma sunan ba ya wuce inda bakin maroƙi ya kai.

A 1975, zamanin Seyni Kountché, Nijar ta mai da wannan wasa gasar ƙasa. An yi ta farko a Tawa, aka sa takobi ya zama kambun zakara, Kantu kuwa shi ya fara kai shi Maraɗi. Zamaninsa ba na ragwaye ba ne: akwai Salma Ɗan Rani na Doso, akwai Langa-Langa na Damagaram. Yau filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, haka su ma waɗancan biyu a garuruwansu. Gasar tana nan tana zagaya jihohi takwas, kowace da 'yan kokawa goma.

A wannan gefe na iyaka, wato Nijeriya, fa? Mun san Shago da Ɗandunawa a dambe ne domin Ɗan Anace ya yi musu waƙa. Gwanayen kokawar ƙauyukan Isa da Sabon Birni ba wanda ya rubuta wa suka kayar, ko a wace shekara. Ga shi 'yan bindiga sun hana taron dare a ƙauyuka da dama, dattawan da suka ga wasan da idonsu kuma suna ta ƙarewa.