“Nonon bai zo ba”: me jariri yake buƙata a kwanakin farko?

A cikinmu akwai ɗalibai masu jego, akwai kuma masu kwana a asibiti da yayarsu ko matar yayansu. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin haihuwa ya san maganar nan: “Ai nonon bai zo ba, a samo masa ruwa.” Sau da yawa kuwa ya zo, ɗan kaɗan ne kawai, kuma haka ya kamata ya kasance.

Abin da uwa ke fitarwa a kwana biyu ko uku na farko shi ne dakashi, mai kauri, launinsa rawaya-rawaya. A ranar farko jariri yakan sha kamar mililita 2 zuwa 10 a kowane shan nono, wato bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Cikinsa ma ƙarami ne sosai. Zuwa rana ta uku yakan kai mililita 15 zuwa 30, ta huɗu kuma 30 zuwa 60, lokacin da nono ke cika. Dakashin nan da wasu tsofaffi ke cewa a matse a zubar wai gurɓatacce ne, shi ne ke ɗauke da garkuwar jiki, shi ke kuma taimaka wa jariri ya fitar da baƙin kashinsa na farko. Zubar da shi asara ce, gaskiya.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ci gaba da nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ko a zafin Afrilu ya isa. Zuma kuwa haɗari ce ga yaron da bai kai shekara ba.

Tunda nono ba shi da ma'auni, ta yaya za ki san ya ƙoshi? Ki duba napkin. Ya kamata ya sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana, kuma yawan tsotso ne ke jawo nonon. Zuwa rana ta biyar ya jiƙa napkin sau shida ko fiye, kashinsa ya koma rawaya. Ɗan ramewa a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, yakan maido nauyinsa cikin mako biyu. Amma in ya ƙi kama nono, barci ya yi masa yawa har ba ya tashi, fitsari ya ragu, ko idonsa ya yi shawara, kar a jira gari ya waye, a kai shi asibiti.