Kuɗin Sawu Da Haɗarin Tifa

Da tifa ta banke mota ko ta take mai babur, abin da ake fara cewa shi ne direbobin tifa ba su da imani. Akwai masu ganganci a cikinsu, babu ja. Amma mai son gane dalilin gudun nan sai ya dubi yadda ake biyansu. Da yawa ba albashin wata suke ɗauka ba, a kan sawu ake sallamarsu, wasu kuma balas aka yanka musu wanda dole su kai wa mai mota bayan sun cire kuɗin gas da na 'yan lodi. Direban da ya ɗebo yashi daga kogin Challawa zuwa cikin Kano, ko tsakuwa daga wuraren fasa dutse na Mpape zuwa cikin Abuja, ya san jiran da ya yi a layin lodi ba mai biyansa. A kan titi zai rama.

Mota kuwa ba ruwanta da balas. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da take bukata kafin ta tsaya ninkawa take yi sau huɗu. Busasshen yashi mai cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yakan kai tan 1.6, jiƙaƙƙen da aka kwaso daga ruwa kuma ya doshi tan 2, don haka bodin da ya ɗauki kaya daidai da rani yana iya wuce kima da damina ba tare da ido ya gane ba. A gangara mai tsawo, birkin da aka yi ta takawa zafi yake ɗauka har ya rage kamu. Ko wajen juye kaya, jiƙaƙƙen yashi kan manne a saman bodi, motar ta kife idan ƙasar ba ta daidaita ba, balle a ɗaga bodin a ƙarƙashin wayar lantarki saboda sauri.

Wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana nan tun 1988, kuma a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Sai dai jami'i ba ya raka tifa cikin unguwa, na'ura kuma ba ta auna nauyi ko barcin da direba bai yi ba. Mai mota ma yana da tasa hujjar: gas da taya sun yi tsada, kuma albashi tsayayye na iya sa direba lalaci. To, a haɗa biyun mana, albashin da zai riƙe gida da ɗan ƙari a kan sawu, tare da iyakar sawun da za a yi a yini. Rarar sawu ɗaya ba ta kai kuɗin gyaran motar da ta kife ba, balle diyyar rai.

Mai gini ma yana da hannu a ciki, domin shi ke cewa sai an yi wa lodin tozo kafin ya biya, shi ke buga waya yana cewa magina na jira. Kamata ya yi ya karɓi kaya daidai bakin bodi, a rufe da tamfol. Masu babur da Adaidaita Sahu kuma su sani cewa direban tifa ba ya ganin wanda ya raɓe a gefensa na dama ko dab da gabansa, kuma motar da ke ɗauke da yashi ba ta tsayawa a inda ƙaramar mota za ta tsaya.