Toshewar Hanci: Awon Likita Da Maganar Majinyaci

Idan hunturu ya kama, ƙura ta tashi, da wuya a shiga aji ko ofis ba a tarar da mai jan hanci ba. Wani ya tafi asibiti ya ce hancinsa ya toshe, likita ya leƙa da fitila ya ga hanya a buɗe. Wani kuwa a ga ƙofar hancinsa ɗaya ta kusa rufewa, shi ko ya ce lafiya lau yake numfashi. To, maganar wa za a kama? Likitoci sun fi shekara ɗari suna fama da wannan tambaya, mun kuwa ga ya kamata masu karatu su ji inda aka kwana.

Dabarar farko mai sauƙi ce. A 1889 wani masani mutumin Holan, sunansa Zwaardemaker, ya riƙa kanga madubi mai sanyi a ƙarƙashin hanci, mutum ya fitar da numfashi, sai tururi ya kwanta wuri biyu. Inda ya fi faɗi, nan iska ta fi wucewa. Kowane malami yana iya gwada wannan da yaransa da sassafe. Amma a 1895 wani likita Bajamushe, Kayser, ya bayyana cewa ƙofofin nan biyu karɓa-karɓa suke yi: naman cikin ɗaya ya cika da jini ya kumbura, na ɗayar ya sace, bayan 'yan sa'o'i su sauya. Mai lafiya bai ko san ana yi ba. Watau awon safe yana iya saɓa wa na azahar, alhali mutumin bai ji wani bambanci ba.

Daga baya aka ƙera na'urori. Akwai wadda ake rufe fuska da ita, tana auna yawan iskar da ke wucewa da ƙarfin da aka sa wajen janta. Akwai wata ƙarama mai araha, mutum ya shaƙa iyakar ƙarfinsa, ta nuna lita nawa a minti ɗaya. Aibinta shi ne mai raunin huhu ko mai kasala zai ba da lamba ƙasa ko da hancinsa a buɗe yake. A 1989 kuma Hilberg da abokan aikinsa a Denmak suka fito da awo da amsa-kuwwa, a tura sauti cikin hanci, yadda ya dawo ya nuna faɗin hanyar a kowane wuri.

Ta wajen majinyaci kuwa, tambayarsa ake yi. A 2004 Stewart da abokansa a Amurka suka tsara takardar da ake kira NOSE, tambayoyi 5 a kan watan da ya wuce, har da wahalar barci da ƙarancin iska lokacin aikin ƙarfi. Kowace amsa daga 0 zuwa 4 take, a tara, a ninka sau 5, iyakarta 100.

A 2009, da wasu likitocin Holan suka tattara binciken da aka yi a baya, sai suka ga awon na'ura da amsar majinyaci ba su cika tafiya tare ba. Sun fi dacewa idan an gwada ƙofa ɗaya ɗaya.

Dalilin wannan shi ne abin da ya fi ba mu sha'awa, yana kuwa cikin kwalbar mantaleta da ke kusan kowane gida. Eccles, masani a Kadif ta ƙasar Birtaniya, ya nuna tun shekarun 1980 cewa wanda ya shaƙi mentol yakan ce hancinsa ya buɗe, na'ura kuwa ta nuna iska ba ta ƙaru ba. Ashe abin da mutum ke ji shi ne sanyin da iska ke bari a fatar cikin hanci, mentol kuwa yana taɓa jijiyoyin nan masu jin sanyi. Akwai ma waɗanda aka yi wa aiki aka cire naman cikin hanci fiye da kima, hanya ta zama fetal, amma su suna kukan numfashi ya gagara. Ba ƙarya suke yi ba. Saboda haka muna ganin malamin da ya ce wa yaro ha'inci ne don an duba ba a ga kome ba, ya yi gaggawa.

Ba mu ce a yar da na'ura ba. Kafin a yi wa mutum aiki, akan auna, a fesa maganin da ke sa kumburi ya sace, a sake aunawa. In hanya ta buɗe, kumburi ne, magani na iya isa. In ba ta buɗe ba, sai a dubi ƙashi da guringuntsin da suka raba ƙofofin biyu. Wannan magani na fesawa ko ɗigawa yana buɗe hanci da gaske, na'ura da majinyaci sun yarda a kansa. Amma fa in aka wuce mako guda ana amfani da shi, kumburin kan dawo da zarar ƙarfinsa ya ƙare, har mutum ya kasa barci sai ya ɗiga.