Gyaran cikin amfilifayar mota: darasin da na koya a hanyar Tamale

Mun ɗan wuce Kintampo ke nan, muna kan hanyar Tamale daga Kumasi, sai ɗana da ke kujerar baya ya ce: "Baba, ina jin ƙauri." Na gangara gefen titi, na buɗe but, sai farin hayaƙi ya bugi fuskata. Da gudu na ɗauko sifana na kwance kan batir. Allah ya kiyaye, wuta ba ta kama ba, amma robar jikin waya ta riga ta fara narkewa a kan kafet. Abin da ya jawo wannan tashin hankali bai fi girman batirin tocila ba, kuma da kuɗina na saya aka saka mini shi, wai don sauti ya ƙara daɗi.

Tsohuwar Corolla gare ni, na saye ta hannu na biyu da amfilifayarta a ciki. Ni ba mai son kiɗa ya girgiza unguwa ba ne. Doguwar tafiya nake yi, kuma abokan hirata su ne labarai da karatun Alƙur'ani, wani lokacin da waƙoƙin gida. Mai sauraron murya yana saurin gane lalacewar sauti. Da safe komai lafiya, amma da rana ta take sai murya ta fara kaushi, harafin "s" ya riƙa tsaga kunne, ga wani siririn kuka da ke tashi duk sanda na taka totur.

Wani matashin mai gyara ya ce mini ba sai na sayi sabuwa ba. Zai buɗe ta, ya cire kayan ciki ya zuba "na Japan", in ji sauti irin na situdiyo. Na yarda. Kwana tara bayan nan muka tsinci kanmu a gefen daji muna fifita hayaƙi.

Me ke cikin akwatin?

Da na dawo Kumasi sai aka nuna mini shagon wani dattijo a Suame Magazine, wanda ya daɗe yana gyaran rediyo tun zamanin kaset. Yaransa suna kiransa Masta, ni ma haka na kira shi. Kafin ya taɓa komai sai da ya zaunar da ni ya nuna mini yadda abin yake aiki.

Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, idan inji na aiki ya kai wajen 14.4. Wannan wuta ta yi kaɗan ga sauti mai ƙarfi. Shi ya sa rediyon gaban mota da ake rubuta wa wat 50 sau huɗu, a zahiri bai cika wuce wat 20 ga kowace lasifika ba. Saboda haka kusan rabin cikin amfilifaya ba harkar sauti yake yi ba, aikinsa ɗaga wuta. Wani ɗan aisi, galibi mai lamba TL494, yana kunna taransistocin MOSFET yana kashe su sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, wutar ta bi ta wata taransifoma mai siffar zobe, ta fito ta kai bolt 30 ko fiye, sama da ƙasa. Daga nan sai ta shiga manyan kafasitoci, waɗanda su ne randar ajiya: idan ganga ta buga da ƙarfi, daga cikinsu ake ɗibar wuta nan take. Ɗaya rabin kuma shi ne ke karɓar siririn sauti daga rediyo, ya tace shi, ya ƙara masa ƙarfi, ya miƙa wa lasifika.

Kafasita ita ce ke tsufa

Masta ya ce a cikin duk kayan nan, kafasita ce ke tsufa kamar mutum, domin akwai ruwan sinadari a cikinta, kuma zafi yana busar da shi a hankali. Idan ta bushe, randar ta koma mai yoyo: ganga ta rasa nauyi, murya ta fara kaushi, kukan inji ya samu hanyar shiga.

A jikin kowace kafasita akwai lamba uku: yawan abin da take ɗauka, bolt ɗin da take jurewa, da zafin da aka yi ta dominsa, 85 ko 105 a ma'aunin Salsiyos. Masu ƙera ta suna da wani ƙiyasi sananne: duk ragin maki 10 na zafi yana ninka tsawon ranta. Ɗauki guda biyu da aka rubuta wa awa 2,000. Idan cikin akwatin yana kai maki 65, mai lamba 85 za ta yi wajen awa 8,000, mai lamba 105 kuwa wajen awa 32,000. Duk wanda ya taɓa buɗe but ɗin motar da ta wuni a rana a Tamale cikin watan Maris ya san maki 65 ba abin mamaki ba ne ga na'urar da ita kanta zafi take fitarwa.

Wannan shi ne canjin da ke da amfani na gaske: cire tsofaffi, a sa sababbi masu lamba 105, ɗaukarsu daidai da ta tsofaffin ko sama kaɗan, bolt ɗinsu kuma kada ya gaza na asali ko da ɗaya.

Sai ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda aka saka mini, ya yanka gwangwaninta da zarto. Wallahi na yi sororo. A ciki akwai wata 'yar ƙaramar kafasita da aka liƙa wa ƙafafu, sauran wurin iska ce kawai. A waje an rubuta bolt 50 da sunan babban kamfani, ta cikin kuwa bolt 25 ce, aka ɗora ta a layin da ke ɗauke da fiye da 30. Ta kumbura, ta fashe, ta tafi da taransistoci huɗu.

"Alhaji," in ji shi, "yaron nan ba lallai ne ya cuce ka da gangan ba. Shi ma rubutun jiki ya karanta."

Kamfanoni irin su Nichicon, Rubycon da Panasonic suna yin kaya masu kyau, kuma sunansu ne ya sa masu jabu ke kwaikwayonsu. Ana samun na ainihi a wurin masu sayar da kayan lantarki, ko a Adum ko a Zongo Lane ta Accra, amma sai ka san mai shagon, kuma mai gyaranka ya auna da mita kafin ya liƙa. Wadda ta fi sauran rashin nauyi a hannu, ko araharta ta yi yawa, a bar ta.

Inda kuɗi ke tafiya a banza

Matashin ya kuma cire mini ƙananan aisi masu ƙafa takwas, masu lamba 4558, ya sa NE5532. A takarda NE5532 ya fi shi tsabtar sauti, ƙafafunsu kuma iri ɗaya ne, shi ya sa masu sha'awar abin ke yawan musanya su. Amma yana cin wuta fiye da ninki biyu, kuma idan aka sa aisi mai sauri a allon da ba a tsara dominsa ba, yana iya yin wani kaɗawa da kunne ba ya ji, sai dai zafi ya ƙaru. Ko da komai ya tafi daidai, bambancin ɗan kaɗan ne. A ɗaki shiru mai kunne zai iya kama shi. A mota mai gudun kilomita 100, ƙarar taya da iska da inji sun kai wajen desibel 70, sun binne shi. Masta ya mayar mini da 4558, ya ce in riƙe kuɗina.

Haka kuma babu kafasitar da za ta mayar da ƙaramar amfilifaya babba. A jikin tawa an rubuta wat 2,000. Ya nuna mini fiyus biyu na amfiya 20 da ke gefenta. Amfiya 40 sau bolt 14.4 ya ba da wat 576, iyakar abin da zai iya shiga ke nan. Irin tawa, ajin AB, kusan kashi 40 cikin ɗari na wutar zafi take zama. Abin da ya rage wa lasifika bai wuce wat 350 ba. Masu ajin D sun fi tattalin wuta, amma su ma ba sa ba da abin da ba su ci ba.

Laifina ni ma

Daga ƙarshe ya bi wayar wuta har gaban mota, ya tsaya a wurin fiyus ɗin da ke kusa da batir, ya dube ni. Ba sai ya yi magana ba. Bara da fiyus ɗin ya ƙone, ni da hannuna na naɗa masa zaren waya, na ce gobe zan saya. Wannan fiyus, wanda ya kamata ya zauna cikin santimita 45 daga batir, ba amfilifaya yake karewa ba, motar yake karewa da mutanen da ke cikinta. Na ɗauki ɗana na yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba tare da shi ba.

Ita kanta wayar, da ya kankare ta sai ga fari a ciki: alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma alminiyom kusan kashi 60 cikin ɗari kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka. Wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota kuma a kan fenti da tsatsa aka ɗaure ta. Da ya goge wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli ya sake ɗaurewa, kukan nan da ke bin totur ya ɓace. Ya kuma rage ɗan majuyin da masu gyara ke kira gen, wanda aka murɗe har ƙarshe. Ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne, kuma idan ya yi yawa sauti yana tsagewa, lasifika ta ƙone.

Jimillar aikin: kafasitoci shida, taransistoci huɗu, sabon farin man da ke kai zafi jikin akwati, sake liƙa dalmar da ramukan hanya suka tsattsage, wayar jan ƙarfe da fiyus. Kuɗin bai kai na sabuwar amfilifaya ba.

Idan taka tana aiki lafiya, ɗan'uwa, kada ka bari a buɗe ta don an ce za ta ƙara daɗi. Fara da waya, fiyus, gen da lasifika. Idan ta tsufa har sauti ya canza, a kai wa mai mita, ba mai daɗin baki ba. Kada kuma ka sa hannu da kanka: kafasita tana riƙe wuta bayan an cire batir, kuma idan aka juya ƙafafunta fashewa take yi.

Makon jiya na sake bin hanyar. Da muka iso Kintampo rana tsaka, muryar mai karatu tana fita tas, ɗana ya yi barci a baya. Duk da haka sai da na tsaya, na buɗe but, na ɗora hannu a kan akwatin. Ɗumi ne kawai.