Sai da nama jiki ke ginuwa? Gaskiya da ƙarya a zancen furotin a ƙauyukan Jazira

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, musamman bayan Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, nama ya yi nisa da tukwane da yawa a Jazira. Sojoji sun karɓe birnin a Janairun 2025, amma aljihun talaka bai farfaɗo ba. Daga Wad Haddad har Mai Wurno, gidan da a da miyarsa ba ta rasa sharmut, wato busasshen nama, ya koma kisra, wato wainar ƙullun dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa, ko adas ɗin takiyya, inda ake dafa abincin sadaka. Inda abinci ya yi ƙaranci kuwa, magana a kansa takan yawaita. Ana cewa wanda ya shekara bai ci nama ba jininsa ya ƙare, ɗanyen ƙwai ya fi dafaffe, ful yana tsinka jinin yara, yaron da ya kumbura ƙiba ya yi. Wasu daga cikin zantukan nan gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuma suna iya kai yaro kabari. Ba a iya rarrabe su sai an san abin da likita ke nufi idan ya ce furotin, wato sinadarin gina jiki.

Ɗauki carbi. Zare ne guda da aka jera wa duwatsu. Haka furotin yake, sai dai duwatsunsa, waɗanda ake kira amino asid, iri 20 ne, kuma jerinsu ba na ganin dama ba ne: an rubuta shi a DNA, kundin gadon da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki. Insulin yana da duwatsu 51. Himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar numfashi a jini, yana da 574 a zare huɗu da suka haɗu. Da zarar an gama jerin, zaren yakan naɗe kansa: sassan da ba sa shiri da ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su fito waje, wani wuri ya murɗe, wani ya shimfiɗe, har a sami siffa takamaimai. Siffar nan ita ke aiki. Da ita wani furotin ke narkar da abinci, wani ya kama ƙwayar cuta, wani ya motsa tsoka, wani ya riƙe fata da jijiya da ƙashi.

Ga abin da masu jita-jita ba su sani ba. Jiki ba ya ɗaukar furotin ɗin abinci yadda yake. Tsamin ciki yakan warware naɗin, sinadarin fefsin ya fara tsinka zaren, a ƙaramin hanji a ƙarasa, sai duwatsun su shiga jini a warwatse. Daga nan kowace ƙwayar halitta ta sake jera su bisa tsarin gadonta. Amino asid ɗin da ya fito daga tsokar rago da wanda ya fito daga wake abu ɗaya ne, jiki ba ya tambayar asalinsa. Guda 11 yana iya haɗa su da kansa, guda 9 kuwa dole su zo daga abinci, a kai a kai, domin ba shi da rumbun ajiye rararsu.

To, mu koma ga maganar nama. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce baligi mai lafiya yana buƙatar kusan giram 0.83 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, wato giram 50 ga mai kilo 60. A giram 100 na ɗanyen nama akwai furotin wajen giram 20. A giram 100 na busasshen wake, ko adas, ko ful, ko gyaɗa, akwai wajen 25, kodayake idan wake ya sha ruwa a tukunya lissafin yakan sauka zuwa 8 ko 9. Dawa tana da wajen 10. Matsalarta ita ce ƙarancin ɗaya daga cikin taran nan, mai suna laisin. Wake da danginsa suna da shi a wadace, su kuma abin da suka gaza a kai, wato metiyonin, dawa da gero suna da shi. Saboda haka manomin da ya karya da ful, ya ci kisra da rana, da dare aka kawo balilar waken adasiyya ko miyar da aka sa wa dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, jikinsa ya sami duwatsun da yake nema. Ba sai an haɗa su a kwano ɗaya ba, muddin sun haɗu a yini.

Amma kada a ce nama banza ne. Akwai bitamin B12 da ba a samu a hatsi da wake, sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Sinadarin ƙarfe na nama ma ya fi saurin shiga jini. Mai ciki, mai shayarwa da ƙaramin yaro su suka fi jin wannan rashi. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne ba lallai sai tsiren agashe ba. Ƙwai guda, kofin nonon akuya, ko ɗan busasshen kifi daga kogi da aka daka a miya, suna toshe giɓi mai yawa.

Akwai wata magana da tsofaffin mata ke yi, cewa ƙullun da ya kwana ya fi karɓar cikin yaro, kuma a nan sun fi 'yan boko da yawa gaskiya. Furotin ɗin dawa, wanda ake kira kafirin, yana da wani hali: idan aka dafa shi da ruwa sai ya ƙara ƙullewa, sinadaran narkarwa su kasa shigarsa. Wani bincike da aka wallafa a 1981, wanda aka yi a kan ƙananan yara a ƙasar Peru, ya nuna kashi 46 cikin ɗari kacal na furotin ɗin dafaffiyar dawa ke shiga jikinsu, alhali na alkama ya kai 81. A 1986 aka gwada nasha, kunun tsamin da ake yi a Sudan, sai adadin ya haura 70. Tsimin ƙullu, wanda shi ne asirin kisra, yana sassauta ƙullin kafin abinci ya isa ciki. Sai dai tsimi ba ya cike giɓin laisin. Kunu zalla, tsarara, yakan cika cikin ɗan yaye da ruwa ne kawai. A dama shi da kauri, a sa gyaɗa ko nono.

Wanda ke ƙyamar warin kawal ma ya yi hattara. Ganyen tafasa ne da mutanen Darfur ke daka wa su binne a tulu wajen mako biyu, kuma idan ya bushe kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa furotin ne. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Hartum ya yi dogon bayani a kansa a littafinsa na 1993 kan abincin tsimi na Sudan. Ɗan abin da ake barbaɗawa a miya ba zai maye kilon nama ba, amma ba ƙazanta ba ce.

Romo fa? Yawancin furotin yana nan cikin tsokar, abin da ya fita ruwa kaɗan ne, sai kitse da ɗanɗano. Gidan da ake bai wa maigida tsoka a bar wa yara romo an yi rabon a juye. Romon ƙafar saniya ba ya tafiya kai tsaye zuwa gwiwar mai ciwo, domin shi ma sai an wargaza shi a hanji. Dunƙulen Maggi kuwa gishiri ya fi yawa a cikinsa, ƙamshin nama ba nama ba ne.

Ɗanyen ƙwai da samari masu ɗaga ƙarfe ke kwankwaɗa asara ce. Gaskiya ne zafi yana lalata siffar furotin, shi ya sa ruwan ƙwai ke yin fari ya daskare a kasko. Amma abin da ciki ke so ke nan, a warware masa naɗin. Masu bincike a ƙasar Beljiyam sun auna a 1998, suka ga kashi 51 na furotin ɗin ɗanyen ƙwai ke shiga jiki, na dafaffe kuwa 91. Ga kuma haɗarin ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo. Zancen ƙwai yana koya wa yaro sata bai cancanci dogon martani ba: daga wata shida ana iya ba shi, dafaffe.

Babu inda muhimmancin siffa ya fi bayyana kamar a cutar sikila, amosanin jini, wadda ta yi yawa a cikin Hausawa da wasu ƙabilun yammacin Sudan. Ana ta cewa hanta da dabino da ruwan karkade za su warkar da ita. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin masu cutar ne ya bambanta. A 1957 Vernon Ingram, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya tabbatar da bambancin: a zare mai duwatsu 146, na shida ne kaɗai ya sauya, balin ya zauna a gurbin gulutamik asid. Wannan sauyi guda ya isa ya sa himogulobin ya riƙa mannewa da juna idan iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Kuskuren a kundin gado yake. Duk hantar da yaro ya ci, jikinsa zai wargaza ta ya sake jera duwatsun bisa tsarin da ya gada. Abinci mai kyau, yawan shan ruwa, folik asid da kariya daga maleriya suna rage wahala sosai, amma ba su sauya gadon. Idan uwa da uba duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon cutar amma ba ta kama su ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai sikila. A garuruwan da auren zumunci ya yi ƙarfi irin namu, gwajin jini kafin ɗaurin aure ya fi duk wani jiƙo.

Maganar ful kuwa tana da tushe. Akwai mutane, galibi maza, da suka gaji ƙarancin wani furotin mai suna G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Wasunsu idan suka ci ful, cikin yini ɗaya ko biyu ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya yi fayau. Wannan na asibiti ne nan take, wani lokaci har sai an ƙara jini, kuma daga ranar an bar ful da ta'amiyyar da aka yi da shi. Sauran yara, waɗanda su ne mafiya yawa, babu dalilin hana su.

Masu ciwon sukari sukan tambaya don me ba a ba su insulin na sha, har wasu su ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce. Amsar ta riga ta gabata: furotin ne, ciki zai narkar da shi kafin ya yi aiki. Zafi ma yana ɓata siffarsa. Rashin wuta dai bai sa a jefar da shi ba. Binciken Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF na 2021 ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Zafin Afrilu da Mayu a Jazira yakan zarce haka, don haka a ajiye ta a rufe cikin sanyin randa, a inuwa, kada kuma a bari ta daskare a ƙanƙara.

Mafi haɗari a cikin zantukan nan shi ne na kumburi. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, fuska ta cika, gashi ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa ba ya son abinci, ba ƙiba ya yi ba, ba kuma kambun baka ba ne. Tamowa ce mai tsanani, irin wadda likita Cicely Williams ta bayyana a 1933 a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Danna bayan ƙafar da babban yatsa na daƙiƙa uku: idan gurbi ya zauna a ƙafa biyun, ruwa ne. A jinin irin waɗannan yara furotin ɗin albumin, mai riƙe ruwa a jijiyoyi, yakan yi ƙasa, amma cututtuka kamar zawo da ƙyanda suna da hannu. A 1982 Ralph Hendrickse da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan yaran Sudan, inda suka sami gubar afilatoksin, wadda fumfuna ke bari a gyaɗa da hatsin da suka sha danshi, ta fi yawa a jinin masu kumburin. Suya ba ta kawar da wannan guba gaba ɗaya. Gyaɗar da ta yi baƙi, ta motse ko ta yi ɗaci, a tsince ta a zubar kafin a kai niƙa.

Irin wannan yaro ba a ɗura masa nama a gida. Hantarsa da zuciyarsa sun raunana, shi ya sa a asibiti ake farawa da madara ta musamman mai ƙarancin furotin, F-75, a hankali. Wanda bai galabaita ba, yana iya ci, shi ake bai wa jar ledar nan ta Plumpy'Nut, wadda likitan Faransa André Briend da kamfanin Nutriset suka haɗa a 1996, da ita kuma MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a 2005, akasarinsu a yankin Maraɗi. Masu cewa dakwa ce kawai aka zuba a leda sun yi kuskure: akwai garin madara, mai, sukari, bitamin da ma'adinai a ma'aunin da aka ƙayyade wa yaro guda. Idan aka raba wa yayye, ko aka sayar a kasuwa, ko uwa ta sha don ta yi jiki, an katse wa mai ita magani. Uwar gida, in kin danna ƙafar ɗanki gurbi ya zauna, ki kai shi cibiyar lafiya a ranar, kada ki jira ranar kasuwa.