Daga Bagaruwa Zuwa Kuromiyam: Jima da Haƙƙin Mutanen Gangare

Jima tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Majeman dā da bagaruwa da toka suke aiki, wato abubuwan da ƙasa ke iya haɗiyewa. Masana'antun fata na zamani da ke Challawa da Sharaɗa a Kano kuwa sun fi dogara ga gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam.

Illar ƙarafa irin wannan, da darma da kadmiyam, ita ce ba sa ruɓewa. Sukan kwanta cikin laka, su shiga jikin kifi da ganyen lambu, sannan su taru a jikin mutum sannu a hankali, su taɓa ƙoda ko ƙwaƙwalwa. Ba a manta da gubar darma ta Zamfara ba, wadda aka gano a 2010, ta kuma hallaka yara fiye da 400.

To, ina ruwan Jigawa? Dagwalon masana'antun nan yakan gangara kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano a Tamburawa, ya bi ta Wudil da Ringim ya nufi Haɗeja. Iyakar da aka shata a 1991 ta raba jihohin biyu, amma ba ta raba kogin ba. Masunci da manomin fadama na gangare ba su da kaso a ribar fata, ga shi kuwa ruwan a kansu yake bi. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka wajibi ne hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta riƙa auna ruwan nan har Ringim, ta kuma sanar da jama'a sakamakon da Hausa.