Bayani Kan Osileta da Ƙofofin Lantarki Ga Masu Sayen Inbata

A Gyallesu da sauran unguwannin Tudun Wadan Zariya, har zuwa ƙauyukan da ke kewaye, jama'a na ƙara dogaro da sola da inbata saboda ƙarancin wutar lantarki. Don haka ya kamata masu unguwanni, kansiloli da jami'an ƙananan hukumomi su san abubuwa biyu da ke cikin waɗannan na'urori, domin kada dukiyar al'umma ta salwanta.

Na farko ita ce osileta. Wutar batir fuska ɗaya take bi, amma wutar da ake rabawa a Nijeriya kai da komowa take yi sau 50 a kowace daƙiƙa. Osileta ce ke tsara wannan bugu a cikin inbata. Ita ce kuma ke riƙe lokaci a agogon hannu mai batir, inda wani ɗan mitsitsin dutse ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Inbata mai arha takan fitar da bugu mai tsalle-tsalle maimakon mai santsi. Irin wannan wuta kan sa fanka gurnani, injin firiji kuma ya yi zafi har ya lalace. Idan firijin ajiyar allurar rigakafi ne a asibitin ƙauye, asarar ta shafi kowa.

Na biyu su ne ƙofofin yanke hukunci, waɗanda ba su san komai ba sai 1 da 0, wato akwai wuta ko babu. Misali, ƙofar AND ba za ta tayar da injin rijiyar burtsatse ba sai tanki ya yi ƙasa kuma akwai ruwa a rijiyar. Ƙofar NOT tana juya amsa. Ƙofofin NAND da NOR kuwa ana kiran su gama-gari, saboda da kowace ɗaya daga cikinsu kaɗai ana iya haɗa duk sauran ƙofofi. Ƙwayar lantarki mai lamba 7400 tana ɗauke da NAND huɗu, kuma da ƙofofin NOR aka gina kwamfutar kumbon Apollo da ya kai mutum duniyar wata a 1969.

Ana shawartar jami'ai da kada su biya kuɗin inbata sai ƙwararren mai gyara ya auna bugunta a gabansu, ya tabbatar 50 ne kuma mai santsi. Rigakafi ya fi magani.